Dala Ɗari Bakwai a Kasuwar Maigatari

Ran Laraba da magariba na aiki ɗan yayana wajen mai cajin waya na bakin layinmu, da wayoyi biyu da fawa banki ɗaya. Sai bayan isha'i ya dawo. Wayata ta cika, tasa ta tsaya a rabi, fawa bankin kuwa ko jona shi ba a yi ba. Wai wayoyin da ke kan teburin sun fi ɗari, kuma mai cajin ya rantse ƙarfe tara zai kashe inji, tunda litar fetur ta haura naira dubu. Kwana uku ke nan rabon Kano da wuta. Tun kafin lokacin an lalata babban layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, a dajin da ma'aikata ba sa iya shiga sai da rakiyar soja, aka koma dogaro da layi guda da ya taso daga Ugwuaji a Inugu ya biyo ta Apir a Binuwai. Ran Litinin, 21 ga Oktoban 2024, shi ma ya faɗi, kusan Arewa gaba ɗaya ta shiga duhu. Ƙanƙara ta zama abin nema da roƙo, masu walda suka rufe shaguna, masu niƙa suka ninka kuɗi.

A cikin wannan hali tafiyar Maigatari ta kama ni. Ƙanena da ke aiki a Dubai ne ya aiko da dala 700 a saya wa mahaifiyarmu maruƙa biyu a turke su, in Allah ya kai mu babbar Sallah a sayar. Da can irin wannan saƙo sai a jira wani mai dawowa gida, ko a bi ta hannun 'yan canjin Wapa. Wannan karon ya ce in ba shi yaron nan a waya. Suka yi magana da harshensu, yaron ya tura masa wasu haruffa masu tsawo, kafin in gama shan shayi yaron ya juyo mini da fuskar waya ya ce, "Baffa, sun shigo." Kuɗin kirifto ne da ake kira USDT, wanda aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, kowane ɗaya a bakin dala ɗaya. Daga Dubai zuwa tabarmata a Kano ba su yi minti biyar ba, kuma abin da aka cire na aike bai taka kara ya karya ba. Wannan kam na gani da idona, ba zan rage masa komai ba.

Na ce to a canza su su koma naira tun yau. Ya ce, "Haba Baffa, dala kullum hawa take. A bari sai mun yi ciniki, in fasa su nan take. Kuma ina kai ina ɗaukar miliyan a aljihu a wannan zamani?" Maganarsa ta biyun ce ta kama ni. Dala ta wuce naira 1,600 a lokacin, kuɗin sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari, kuma duk wanda ya taɓa shiga motar haya da irin wannan kuɗi ɗaure a ƙugu ya san yadda kowane tari na fasinjan baya yake sa gaba ya faɗi. Na yarda. Amma da zan fita na buɗe akwati na ɗauki naira dubu hamsin na sa a aljihun ciki, ban gaya masa ba.

Da asuba muka hau mota a tashar Yankaba. Kaka ta yi, hanyar Haɗeja sai ƙanshin sabon gero. Daga Gezawa zuwa gaba dammuna ne jingine a gonaki, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje, can kuma da muka shiga Jigawa sai riɗi da aka yanke aka tsayar tsibi-tsibi yana shan rana. Duk garin da muka ratsa, abin da ido ke fara gani shi ne cincirindon mutane a rumfar mai sola, kowa da cajarsa a hannu kamar masu jiran awo.

Yaron nan kuwa baki bai huta ba. Yana cikin samarin da ake wa laƙabi da 'yan baiwa, masu mainin a waya. A watan Mayun shekarar Notcoin ta fashe ya sami abin da ya sayi wayar da ke hannunsa, daga nan ba mai iya gaya masa magana. Ya shafe watanni yana dangwalar Hamster dare da rana, har da ta fashe a ƙarshen Satumba ta ba shi abin da bai kai kuɗin datar da ya ƙona ba. Wannan bai sanyaya masa gwiwa ba, ya ce Pi na nan tafe. A motar ya sami wani malamin makaranta a gefensa ya buɗe masa karatu: Bitcoin tun 2009 yake, ba banki ba gwamna, ba wanda zai iya rufe maka asusu. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa harkar, mutane suka ci gaba da cinikinsu hannu da hannu, har bankin ya janye haramcin a Disamban 2023. A farkon 2024 gwamnati ta saka manhajar Binance a gaba har ta daina hulɗa da naira, aka koma wasu manhajojin. "Ka gani ko, Malam? Ba mai iya tsayar da shi."

Wani dattijo a kujerar gaba, wanda tun Kano bai ce uffan ba, ya waiwayo. Bazamfare ne, daga harshensa ka ji. Ya ce, "Yaro, kana ina a watan tara na 2021?" Yaron ya ce yana Kano. Ya ce, "To mu muna Gusau. Rana ɗaya aka kashe sabis a jihar gaba ɗaya, wai don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Ba kira, ba saƙo, ba taransifa. In kana son ka ji muryar ɗanka sai ka hau mota zuwa Funtuwa. Mai miliyan goma a banki da wanda ba shi da ko sisi, duk ɗaya suke a gaban mai shinkafa. Wannan kuɗin naka da ba mai iya tsayarwa, ta ina zai bi ya fito ran nan?" Yaron ya ce ai kuɗin na nan, ba abin da zai same su. Dattijon ya ce, "Ai na banki ma suna nan." Direba ya tuntsire da dariya har ya kusa faɗawa rami.

Na daɗe ina juya wannan magana. Gaskiyar yaron gaskiya ce: littafin da ake rubuta cinikin kirifto a ciki yana kan dubban kwamfutoci a faɗin duniya, in an kashe na wata ƙasa na sauran suna aiki. Sai dai kowace kwamfuta a cikinsu da wuta take numfashi. Ƙiyasin da masana na Jami'ar Kambirij ke fitarwa ya nuna wutar da haƙar Bitcoin kaɗai ke sha a shekara ta ninka wadda Najeriya gaba ɗaya ke rabawa, mu da muke fama da megawat dubu huɗu zuwa biyar ga mutum sama da miliyan ɗari biyu. Wannan can sama ke nan. A nan ƙasa kuma, tsakaninka da wancan littafi akwai batirin wayarka, akwai ƙarfen sabis da ke shan dizal, akwai wayar da aka binne a ƙasa da wadda aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. A ranar 14 ga Maris na 2024 wasu daga cikin na tekun suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, bankuna da manhajoji suka riƙa shure-shure daga Legas har Kano. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ma ta taɓa ayyana Bitcoin a matsayin kuɗin ƙasa a Afrilun 2022, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke samun intanet. Shekara guda ba ta cika sosai ba suka janye.

A Gujungu muka bar titin Haɗeja muka miƙi hanyar Gumel. Daga Gumel zuwa Maigatari tafiya kaɗan ce, amma ranar Alhamis sai ka yi haƙuri da tireloli da amalanke da masu kora tumaki a gefen titi.

Wanda bai taɓa zuwa kasuwar Maigatari ba, da wuya a kwatanta masa ita. Garin na bakin iyaka ne, taku kaɗan ka shiga Nijar, kuma rabin kasuwar daga can take zuwa: mutanen Dungas da Magariya da Damagaram, Buzaye da rawunansu har hanci, Fulani da sanduna a kafaɗa. Raƙuma a gefe guda suna kallon kowa a wulaƙance, ga balami da uda, ga jakuna, ga buhunan zoɓo da riɗi an jibge kamar ganuwa. Ƙura kuwa har cikin haƙori. Muka nufi kara. Wani dillali mai farin gemu, da hula ta sha jiki da ƙaramar waya mai tocila a rataye a wuya, ya tare mu tun daga bakin shiga. Kallo ɗaya ya yi mini ya ce, "Alhaji, na turke ne ko na yanka?" Na ce na turke. Ya ce in biyo shi.

Ya kai mu wajen wani mutumin Nijar mai maruƙa shida. Dillalin ya kama guda ya buɗe bakinsa ya nuna mini haƙora, ya murza fatar wuya, ya daki gadon baya, ya ja wutsiya ya saki. Ya ce wannan ja da wancan fari, ƙashinsu babba ne, in suka sami dusa da harawa wata bakwai ba zan gane su ba. Na taya dubu ɗari tara. Mai shanu ya kau da kai ya ce albarka. Muka yi ta ja, dillali na kai gwauro yana kai mari, ya ja wannan gefe ya yi masa raɗa, ya dawo ya ja ni. Da rana ta take tsaka aka tsaya a miliyan ɗaya da dubu tamanin. Mai shanu ya ce ya sallama, aka tafa, aka yi fatiha.

Sai aka zo biya. Mai shanun ya ce shi kuɗi a hannu yake so, naira ko sefa, amma ban da taransifa. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ya yi rantsuwa, don a lokacin an taɓa nuna masa alat a waya ya saki sa, kuɗi ba su taɓa zuwa ba. Yaron ya matso da ƙarfin gwiwa ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, dala ɗari bakwai ce a wayar nan." Mutumin ya dube shi, ya dubi dillali, ya ce, "Dala ɗari bakwai? Kaza ya zo saye?" Duk wajen aka kwashe da dariya. Ni ma sai da na yi. A Nijar dala ita ce sefa biyar, dala ɗari biyu ke yin jika guda, wato sefa dubu. Dala ɗari bakwai a kunnensa jika uku da rabi ce. Da aka warware masa cewa ta Amurka ake nufi, ya ce to madalla, a fito da ita ya gani. Aka ce tana cikin waya. Ya ce, "To a fito da ita daga wayar."

Nan aiki ya tsaya. Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. Sai ka buɗe manhaja ka nemi mai sayen USDT da naira. In kun daidaita, manhajar ta riƙe kuɗinka a tsakiya, shi ya tura maka naira a asusun banki, ka ga alat, ka tabbatar, sannan ka sakar masa. Ana ba da 'yan mintoci, in lokaci ya ƙare ba a gama ba ciniki ya warware. Kafin ka saki kuma sai an turo maka lambar sirri ka shigar. Bayan duk wannan, naira na banki ne, sai ka nemi mai POS ya ba ka takarda. Kowane mataki a nan sai da sabis.

Sabis kuwa a kara ran nan sai dai a ce Allah ya jiƙan rai. Dubban mutane a fili ɗaya, kowa na kira, ga shi ƙarafan sabis sun kwana huɗu a kan inji. A saman wayar yaron harafin E ne ke fitowa ya ɓace. Ya ɗaga ta sama, ya zagaya bayan raƙuma, ya hau kan tarin buhunan zoɓo har mai su ya kore shi. Daga ƙarshe wani yaron mota ya bar shi ya hau saman tirela. Ina daga ƙasa ina hango shi tsaye a kan ƙarfe, hannu a sama, rana na dukansa, kamar mai duban watan Sallah. Manhajar ta buɗe sau ɗaya, ya sami mai saye, ya sa ciniki. Lambar sirri ta ƙi zuwa. Da ta zo, lokacinta ya wuce. Ya sake nema, sabis ya ɗauke. Waya kuma in tana neman sabis ta fi shan caji, ga zafi, daga kashi arba'in ta gangaro goma sha biyu. Ya sauko ya ruga rumfar mai sola, aka ce akwai waya talatin a gabansa. Ya ce a sa manhajar a tawa wayar. Saukar da ita kaɗai, a wannan sabis, sai a kai Alhamis ta gaba.

Na leƙa wajen masu POS don in san abin da ke gabanmu ko da kuɗin sun faɗo. Na farko ya ce na'urarsa tun safe take juyi. Na biyu ya ce yana da sabis na wani layin amma tsabar kuɗinsa ba ta wuce dubu ɗari biyu ba, 'yan kasuwa sun kwashe. Na dawo na zauna a inuwar motar shanu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: miliyan guda da ɗoriya a hannun yaro, ba za su iya saya mana ko ruwan leda ba. Da dubu hamsin ɗin aljihuna muka sayi fura.

Mai shanun ya zo ya tsuguna kusa da ni, ba fushi a fuskarsa. Ya ce, "Alhaji, ku ma kun ɗanɗana ke nan." Na ce me fa? Ya ce duhu. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, alhali kusan kashi saba'in cikin ɗari na wutarsu daga nan take zuwa, sai a Maris na 2024 aka mayar. Ya ce watannin nan a garinsu sai mai sola ne sarki. Ya faɗa yana murmushi, amma na ji kunya. Ya ƙara da cewa la'asar in ta yi zai kora dabbobinsa, don ba ya son dare ya same shi a hanya.

Dillalin ne ya raba gardama. Ya ce, "Alhaji, a Kano wace unguwa?" Na faɗa. Ya ce wa na sani a cikin mahautan wajen? Na ambaci wanda muke sayen nama wajensa shekara ashirin, wanda ya yanka ragon sunan wannan yaron da ke kan tirela ɗazu. Dillalin ya ciro 'yar wayarsa ta wuya, wadda cajinta ke kwana biyar, ya lalubo lamba. Kira ya shiga a karo na uku, don murya na ratsawa inda data ta kasa. Suka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, sannan ya ce ga wane ɗan wane a gabansa. Ban ji abin da aka ce daga can ba. Ya kashe waya ya ce, "Kawo abin da ke hannunka." Na ba shi dubu arba'in da biyar kafin alƙalami. Ya tafi rumfar wani ɗan canji, suka yi magana ba ta fi ta minti biyu ba, ya dawo da damin sefa ya ƙirga wa mai shanu a hannu. Ya ciro wani littafi da ya sha maiƙo ya rubuta sunana da ajami, da adadin da ya rage, da la'adarsa. Ba sa hannu, ba shaida sai mutanen da ke tsaye. Ya ce in kuɗina sun fito daga waya in tura asusun ɗansa, ya karanto lambar da ka.

Yaron ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Baffa, in muka gudu fa?" Dillalin ya ji. Ya ce, "Ɗana, ku gudu ku je ina? Baffanka zai daina cin nama ne?"

Aka ɗora maruƙan a motar da za ta Kano, mu muka biyo ta baya. A Gumel muka tsaya sallar magariba. Garin duhu, sai fitilun sola na masu shayi. Wani mai shayi ya bar yaron ya jona waya a batirinsa, sabis ya dawo cikakke, kuma cikin minti bakwai, na duba agogo, ya sayar, alat ya shigo, ya saki, ya tura wa ɗan dillali kuɗinsu cif. Ya dube ni ya ce, "Ka gani ko, Baffa? Minti bakwai." Na ce na gani. Farashin ya ɗan sauka daga na safe, mun yi asarar abin da bai kai dubu goma ba, ban tayar da maganar ba. Na dai tambaye shi, da a ce mahaucin nan bai ɗauki waya ba fa? Ya ce ai laifin sabis ne, ba na kirifto ba. Na ce mai shanu bai tambayi laifin wane ne ba.

Ban raina abin yaran nan ba, kuma ba na cikin masu cewa duk damfara ce. Ƙanena zai sake aiko da kuɗi ta wannan hanya, ni ma zan karɓa, don ta fi sauri ta fi araha. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kirarin da ake yi masa na cewa ya 'yantu daga kowa. Wanda ke iya kashe sabis ɗin jiha guda da takarda ɗaya, da wanda ke iya kayar da turken wuta a dajin Shiroro, duk suna da hannu a kansa, ko ba su san sunansa ba.

Na kira dillalin a daren in gaya masa an tura, ya ce wayar ɗansa ba caji, ba su ga komai ba, amma ba damuwa. Ran Juma'a ma haka. Sai ran Asabar da hantsi ya kira ni da kansa ya ce sun gani, ya soke sunana a littafi, ya tambayi lafiyar maruƙa. Wuta ba ta dawo unguwarmu ba sai a ƙarshen watan.

Mai niyyar Maigatari, kasuwa ran Alhamis take ci. Ka canza kuɗinka tun Laraba, ka raba su aljihu biyu, lambar dillalinka kuma ka rubuta ta a takarda.